Masu Gadi Biyu

A firamarenmu ta Bajoga, in an tashi,
ni ke bi aji-aji ina ja ƙofa.
Malama Dudu ba ta goge allo.
Mantuwa ce ko ganganci, ban tambaya ba.

Daren Laraba na haska tocila
na ga kalmomi shida a jere, a tsaye,
kamar buhunan siminti a tirelar Ashaka:
night, light, right, fight, sight, tight.
Kai ya bambanta, gindi ɗaya.
Na ce waɗannan 'yan ɗaki ɗaya ne,
kowa da hularsa, yadin riga guda.

Bokona a aji uku ya tsaya,
shekarar da shanunmu suka ƙare.
Na san baƙi, haɗawa ke ba ni kashi.
Sai na kwafe su a bayan kwalin ashana
na kai wa jikata Adda-Petel da safe.

Tana shan kunu tana karantawa:
"Na farko dare. Na biyu haske.
Na uku dama, kuma daidai.
Sai faɗa, sai gani.
Na ƙarshe abin da ya matse,
kamar takalmina na bara."

Na ce tsaya, yarinya, kin ci wani abu.
Biyar na ƙirga, uku kika faɗa.
Ina g? Ina h?
Ta ce, "Kaka, ba a faɗarsu.
Malama ta ce suna nan ne kawai."

Suna nan ne kawai.
Na tafi da maganar har bakin get.

Shekara ashirin da biyu ina nan.
Ranar rabon kyauta a kira hedimasta,
a kira mai unguwa, a kira wanda ya ba da alli.
Ba a taɓa cewa Jauro Bappayo ba.
Ni ma tsakiya aka sa ni,
tsakanin dare da kujerun yara.

Daren Alhamis shaiɗan ya zuga ni.
Na lashi babban yatsa
na goge su biyun daga kalma biyu,
in ga ko ginin zai rushe.

Da safe Malama ta tsaya, ta dubi allo,
ta dubi farin alli a yatsana,
ta yi dariya har ta dafa tebur.
"Baba, ka san ɓarnar da ka yi?
Sight ya koma sit, gani ya zama zama.
Night ya koma nit,
dare guda ya zama ƙwan ƙwarƙwata!"

Na ce to, ashe shirun nan aiki yake.
Cire mai shiru, mai gani ya zauna,
dare ya ƙanƙance ya shige gashin kai.

Ta miƙo alli, na mayar da su.
G ɗina ya fito kamar ƙugiyar mahauta.
Ba ta gyara ba. Yara suka kwafa haka.

Mako ya zagayo, na sake haskawa.
Sabon layi: cough, laugh, rough, enough.
Ga mutanena, sun koma ƙarshe.
Adda-Petel ta ce, "Tari, dariya, kaushi,
na huɗun kuwa: ya isa.
Kaka, a nan suna magana, fff suke cewa,
kamar kyanwa in an ritsa ta."

Ashe ba bebaye ba ne.
Sai an kai su bango.

Wata huɗu ke nan ba albashi,
batirin tocila ma bashi ne a shagon Tela.
Gobe Litinin zan wanke rigata,
in hau mota zuwa ofishin ilimi.
Kwalin ashana na aljihu.
Kalma ta huɗu nake ta maimaitawa,
har yanzu tana fito mini kamar ta farko.