Tsakanin Biyu da Uku

Saboda ƙafata ta hagu na same ta,
ƙafar da garma ta murƙushe tun ina saurayi.
Ba ta iya taka kuloci.
Sai ƙanena da ke Jidda
ya ɗoro mini a-kori-kura a jirgin ruwa,
ta sauka Sawakin da gishiri a goshinta,
mota mai sauya giya da kanta
kamar jakin da ya san hanyar gida.

Shekara goma sha ɗaya tana kai riɗi kasuwar Gadarif.
Bana da kaka ta fara tunani.

Daga ɗaya zuwa biyu, lafiya lau.
Daga biyu zuwa uku sai ta tsaya shawara:
inji na kururuwa, allura ta haye,
tayoyi ko a jikinsu,
can sai ta faɗa giyar da naushi guda
har buhunan baya su yi tsalle.
Ribas kuwa, da sassafe, sai na ƙirga bakwai.

Teburin mai shayi ya cika da likitoci.
Wani ya ce giyabos ya mutu, a yi haƙuri.
Wani ya ce baki ne.
Wani ya taya ta kuɗin awaki huɗu.

Usta Jazuli bai ce uffan ba.
Ya bar ta tana aiki a miƙaƙƙen fili har ta yi ɗumi,
ya zaga da hannun giya gida-gida,
ya zaro ma'auni, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa,
ya ɗiga a bayan takardar rasit.
Man da ya kamata ya yi jan zoɓo
ya koma gahawar da ta kwana.
Ya sansana. Ya miƙo mini.
Ƙauri, irin na tukunyar da aka manta a wuta.

"Yaushe rabonka da canja shi?"
Na dubi rumfa.
"Au, ana canjawa?"

Muka kwanta ƙarƙashinta a kan buhu ɗaya.
Notuna suka kwance, guda ya ƙi sai da lallashi.
Kwano ya sauko da baƙin taɓo.
Ya shafi maganaɗisu, ya murza yatsu:
"Laushi ne, kamar kwalli.
Da ɓarɓashin ƙarfe na taɓa
da yanzu ta'aziyya nake maka."
Matata ta toshe, mai ba ya wucewa sai da roƙo.
A sama kuma, igiyar nan da ke tsegunta wa giya
nauyin ƙafata a kan totur
ta saki, tana kai labari a makare.
Rabin juyi da sifana. Ya saurara. Ya ƙara kwata.

Sabuwar matata sai daga Bur Sudan.
Kwana tara ina hayar amalanken jaki,
farashin riɗi na sauka ina kallo.

Ran na goma muka hau hanyar Doka.
Ɗaya. Biyu.
Na riƙe numfashi.
Uku ta shigo ba sallama,
kamar 'yar gida.

Usta bai yi murmushi ba.
"Fayafayan ciki sun cinye, ban taɓa su ba.
Kaka biyu gare ta, uku in ka ji tausayi.
Rage buhu biyar.
In ka ji za ta sauya, ɗaga mata ƙafa kaɗan,
kada ka tsaya mata a wuya."

Yanzu da asuba ina ƙirga uku kafin ribas ta amsa.
Ba na gaggawa.
Amma duk sanda ta zo bakin biyu da uku
sai in ji ƙafar hagun nan, wadda ta daɗe da ritaya,
ta ɗaga kanta daga tabarmar roba
tana laluben abin takawa,
wai za ta taimaka.