Tukunyar da Ba Mu Ɗora Ba

Maniru ya dawo daga lakwal, bai taɓa fura ba.
Wai can bayan teku akwai gandun daji,
ɓauna na kiwo,
baƙi na biya su kalli ƙasa tana tafasa,
alhali wuta ce kwance ƙarƙashin sawunsu,
ta fi nan zuwa Mirya faɗi.

"In ta tashi, Inna, toka za ta rufe rana,
damina ta ɓace mana hanya."

Na ce ina ruwanmu?
Amma na zare itace ɗaya daga murhu.

Da la'asar na dafa dutsen Birni.
Da ɗumi.
Rana ce, na sani.

Washegari a Kasuwar Dole
na ƙara tiya biyu ta hatsi,
ban gaya wa kowa dalili ba.