Tef ɗin Nélida

Mun kau da kwanonin dare
muka shimfiɗa Brazil a kan tebur.
Tebur bai ɗauke ta ba.
Arewacinta ya zubo ta gefe yana reto kamar shanya,
sai da na danne tsakiyar da gwangwanin sukari.
Tamu Uruguay tana can ƙasa a rakuɓe,
tafin hannun jikata ya rufe ta, har da garinmu Paysandú.

Kwana goma sha biyu gare mu,
da kuɗin shekara shida a kwalin takalmi,
bayan an zare na gyaran rufi
da na haƙorin da ya ƙi jira.

Nélida tela ce, ba ta yarda da awon ido.
Ta zaro tef daga wuyanta,
ta auna daga ƙofarmu zuwa Manaus
kamar an kawo mata ƙato da yadi biyu.
Ta ce, "Hebert, wannan ƙyallen ba zai fid da riga ba."

Ni kuwa ina da sunaye a bayan takardar kuɗin wuta.
Iguaçu, inda ƙarar ruwa ke hana mutum jin kansa.
Salvador, don ƙosan da mata ke soyawa da manja a bakin titi.
Ouro Preto mai hawa da gangara.
Fadamar Pantanal, ko damisa za ta fito shan ruwa muna kallo.
Da wasu tuddan farin yashi can arewa
da aka ce damina kan cika tsakaninsu da tafkuna,
ban yarda ba, shi ya sa nake son zuwa.

Ta karanta, ta miƙo mini ƙoƙon mate ya huce.
"Taura biyu ba ta taunuwa,
kai ka cika baki da biyar."

Maƙwabcinmu Wilmar ya leƙo aron guduma.
Ya yi shekaru yana jan tirela zuwa Porto Alegre,
ya ɗora babban yatsa a kan taswira:
"Kun ga nan zuwa nan? A takarda taƙi ɗaya,
a mota kwana biyu, kuma ƙugu ke biya."
Ya tafi, ya manta gudumar.

Sai ta ɗauko allin ɗinki.
Ouro Preto ta faɗi saboda gwiwata ta hagu.
Pantanal ta bi baya, sauro na son jinin Nélida tun tana yarinya.
Farin yashin nan, ta ja masa layi a hankali,
kamar mai ba shi haƙuri.
A kan ƙosai na tsaya, na ce sai dai a fasa tafiyar.
Ta bar mini.

Amma Manaus, mafi nisa, mafi cin kuɗi,
ko kusa da ita allin bai je ba.
Na tambaya. Ta daɗe tana naɗe tef a yatsa.
"A can koguna biyu suke haɗuwa,
ɗaya baƙi kamar shayi, ɗaya ruwan ƙasa.
Suna tafiya kafaɗa da kafaɗa nisa mai yawa
kowa da launinsa.
Ina so in ga inda suke gajiya su gauraya."
Ba ta dube ni ba.
Shekararmu arba'in da ɗaya a gidan nan,
har yau ni ina buɗe taga, ita tana rufewa.

Taswira ta ƙi komawa ninkinta na asali,
na cusa ta haka nan a bayan rediyo.
Ba mu yanki tikiti ba tukuna.
Kalma huɗu kacal na iya ta Fotugis, biyu na cin abinci ne.

Tsakar dare na farka, gefenta babu kowa.
Daga ɗakin baya keke yana ta ƙiriri:
tana ɗinka ɓoyayyen aljihu
a cikin wandona na zuwa biki.