Taƙi Ɗaya

Ruwa bai iya karatu ba.
Na shimfiɗa masa taswira a kan mota,
na ja masa hanya da jan biro,
ya zo daren Talata ya bi ta ɗakin Inna Tsahara.

Sai na dawo da rani, ni da Rabe,
shi da sandar awo, ni da ido a madubin na'ura,
muna tambayar ƙasa ina ta karkata.
Daga tudun kasuwa zuwa bakin Gulbi
Maradi faifai ce da aka jingine,
duk abin da ya zuba a sama
Bagalam ce ke tara hannu.

Inna ba ta san mita ba.
Ta ja ni har bangon zaure,
ta ce, "Nan ya tsaya shekarar da aka haifi Jariri,
nan kuma bara, da ya tafi da turmina."
Na ɗora ma'auni a kan tabon laka.
Abin da kundin ruwan sama ya ba ni a shafi arba'in
bango ya faɗa mini a layi biyu.

Gangare shi ne rigimar.
In na kwantar da lambatu ya yi lumui
yashi ya zauna ciki kamar baƙon da ya ji ƙamshin miya.
In na miƙe shi da yawa ruwa ya hasala,
ya ci siminti, ya ci gindin katanga,
ya haƙa kwazazzabo inda yara ke buga ƙwallo.
Tsakanin lalaci da hauka akwai wata tafiya
irin ta mai ɗauke da tulu cike,
ita nake nema da fensir har aka ɗauke wuta.
Kaurin yatsa a kowace gaba.
Na goge. Rabin yatsa.

Na zana cikinsa kamar akushi,
baki buɗe, gindi a tsuke,
don ko ruwan wanki ya sami ƙafar tafiya.
Inda tudu ya faɗi da ƙarfi na sa matakala uku,
ruwa ya yi tuntuɓe ya huce.
A bakin Gulbi na jera duwatsu su sha dukan.

A ofis aka ce, "Malama,
lissafinki ya ce nan ruwa zai tsaya.
Wannan taƙi ɗaya na sama fa, na wane ne?
Buhun siminti ba daga kogi ake ɗibarsa ba."
Na ce na hadarin da bai taso ba tukuna,
na ledar da Rabe da kansa zai jefa,
na abin da ban sani ba.
Aka yi dariya.
Aka cire mini ƴan gadoji biyu, aka bar taƙin.

Agusta, bayan lisha, gabas ta yi baƙi.
Na tsaya a rumfar mai shayi da tocila a hannu,
ƙirjina na daka kamar ranar suna.
Ya zo ja wur, yana huci,
ɗauke da silifa ɗaya, da karan dawa,
da ledoji kamar garken jemagu.
Ya kai layin lissafina. Ya wuce.
Ya hau taƙin nan yana cin sa yatsa yatsa,
ya bar mini biyu,
ya tsaya yana kallona.

Da safe yashi ya kai ƙauri a kwanar masallaci,
can na yi kuskure, na rubuta a littafi.
Inna ta tsallako a kan ƙyauren da ta ɗora
inda gadarta ya kamata ta kasance.
Ba ta ce mini komai ba.
Ta sauke sabon turmi a ƙofar gida
ta fara daka.