Siminti Buhu Biyu

Bayan la'asar, gindin dutsen Garin Malam.
Hajiya Falmata ta ce ƙarar taya
ta hana tsohonta barci.
Kiyari, allo mai taya a hammata,
bai ce uffan ba, ya nuna gwiwarsa
da tsagar gangaren da ta cije shi.

Meri ta ce buhu biyar. Biyu suka iso.
Ruwa kuwa, ai Damagaram ce:
bido ɗai-ɗai yaran suka ɗauko.
Na kwaɓa, na toshe bakin tsagar.
Muka yanke:
ladan na kiran magariba, taya ta kwanta.

Jiya na hango jikar Hajiya bisa allo,
kakar a bakin zaure
tana ihu: "Ke, lanƙwasa gwiwa mana!"