Rumfar Nomau

Bayan tashar Wadata, a rumfar Nomau,
na nemi 'yar na'urar nan
mai mayar da lambobi murya.

Ya miƙo ta jika uku,
ƙwallon dabino mai wutsiya.
Na sa a kunne. Gurmin babana ya fito
da yashi a haƙoransa.

Ta jika tamanin fa?
Bai bari na taɓa ba, shi ya jona.
Ƙarƙashin tsirkiya na ji tarin tsoho,
na ji akuyarmu ta Tawa
tana gardama da wani a bayan danga.

Albashi bai kai ba.
Dabinon na saya.

Amma yanzu na san inda tarin yake.
Kowane dare ina jiran sa cikin yashin.