Inda Na Kafa Sifili

Malam Ishaya ya ɗiga alli a tsakiyar allo,
ya ce, nan ne sifili.
Ya ja layi uku daga cikinsa,
ɗaya gabas, ɗaya arewa,
ɗaya ya miƙe sama kamar hayaƙin da bai sami iska ba.
Ya ce komai na duniya da lamba uku ake kwatancen gidansa.
Na rubuta. Ban gane ba.
Mu ɗari da ashirin ne a ɗakin, fanka ɗaya, ita ma ta mutu.

Wani satin ya zo da gwangwanin madara:
tazara daga tsakiya, kusurwar juyi, sai tsayi.
Na ukun lemon zaƙi ya ɗaga:
tazara ɗaya, kusurwa biyu.
Ya ɓare lemon ya shanye,
mu muka tashi da ƙishi.

Daga Yelwa na hau keke zuwa Wunti,
shagon Baba Tanimu, ƙamshin jan ƙarfe da ƙonannen mai.
Shekara talatin yana naɗin waya,
fanka, injin markaɗe, janaretan da ya shaƙe.
Bokonsa a aji uku ya tsaya.
Ya ce, Ladidi, fuskarki kamar an hana ki bashi.
Na ce, kibiyoyi ne, Baba.
Wai kowane gurbi a sarari da kibiyarsa,
tana da tsawo, tana da inda ta fuskanta,
ba a ganinta, ba ta motsi,
kuma jibi za a tambaye ni lissafinta.

Bai ce komai ba.
Ya yagi kwalin sabulu, ya huda shi da ƙusa,
ya zura waya, ya barbaɗa garin ƙarfe daga bakin zarto,
ya taɓa batir.
Ya ɗan ƙwanƙwasa kwalin da farce.

Sai garin ya jeru,
zobe cikin zobe cikin zobe,
kamar 'yan gida sun kewaye akushi,
na kusa a matse, na nesa sako-sako.
Ya kama wayar da hannun dama,
babban yatsa na bin hanyar wuta,
sauran huɗun suka lanƙwashe inda zoben ya bi.
Ya ce, maigidana a Jos ya nuna min wannan,
bai raɗa masa suna ba.

Nan na ga gwangwanin Malam Ishaya tsaye,
wayar ce tsakiyarsa.

Sauran suka biyo kamar awaki in an buɗe garke.
Na tuna ruwan damina a kan Warinje,
ba ya bin hanyar mutane,
inda gangare ya fi tsanani yake zaɓa.
Na tuna Wikki, ranar da makaranta ta kai mu,
ruwa na ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse:
in ka kewaye wuri, abin da ke fita ya fi mai shiga,
to akwai ido a ciki.
Haka ɗigon lantarki yake, kibiyoyi na tsiro daga jikinsa.

Na ce, maganaɗisu fa, ina idonsa?
Baba ya ɗauko na tsohuwar rediyo, ya fasa da guduma.
Kowane ɓari ya fito da kai biyu.
Ya ce, fasa har gobe, ba ki raba su.
Abin da ya fita ta nan, ta can yake komowa.
Shafi huɗu Malam ya cika kafin ya kai ga wannan sifilin.

Jibin ya zo. Tambaya ta biyu, doguwar waya ce.
Malam ya taɓa cewa sifili a hannunka yake,
kafa shi inda ka so, kibiyoyin ba ruwansu.
Na kafa nawa a hudar kwalin sabulu,
kan bencin da ƙafarsa ɗaya bulo ce.
Na ɗaga hannun dama a tsakiyar jarrabawa,
na lanƙwasa yatsu,
mai gadi ya harare ni.

Da na koma shago da labari,
Baba na fama da wata fanka, waya a haƙori.
Ya ce, madalla.
Garin nan da kika bari a benci, share min shi,
mai injin markaɗe na tafe bayan la'asar.